Kwaɗo da danginsa: yadda aka gina jikin dabbar da ke rayuwa a ruwa da tudu

Tambaya: Malam, ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare. Wani ɗalibi ya tambaye ni ko kwaɗo da ƙadangare dangi ɗaya ne, ya kuma ce idan da gaske kwaɗo yana da huhu, me ya hana shi mutuwa idan ya daɗe a ƙarƙashin ruwa. Na ba shi amsar da ke cikin littafi, amma ni kaina ban gamsu ba. Don Allah a yi mini bayanin tsarin jikin waɗannan dabbobi yadda zan fahimta.

Amsa: Malam, wannan ɗalibi naka ka riƙe shi da kyau. Tambayoyi biyu ya yi, amma amsarsu wuri ɗaya take, a kan fatar kwaɗon. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma abin da na lura shi ne duk wanda ya fara da huhu da zuciya sai ya rikice, wanda kuwa ya fara da fata, sauran ba ya ba shi wahala.

Kwaɗo da ƙadangare ba dangi ɗaya ba ne. Ƙadangare yana tare da maciji da kunkuru da kada. Rukunin kwaɗo masana suna ce masa amfibiya, kalmar Girkanci ce da ke nufin mai rayuwa biyu, kuma an san nau'insu sama da 8,000 a duniya. Gida uku ne. Akwai kwaɗi marasa wutsiya, su ne kusan tara cikin goma. Akwai salamanda, mai ƙafa huɗu da doguwar wutsiya. Sai sisiliyan, wanda ba shi da ƙafa ko ɗaya, yana zaune cikin danshin ƙasa a yankuna masu zafi, wanda bai sani ba zai rantse babbar tana ce. Salamanda shi ne ya fi rikita mutane, domin a hoto ƙadangare ne sak. To amma kama da wane ba wane ba ce. Jikin ƙadangare a bushe yake, a rufe da ɓamɓaroki, yana da farata, ƙwansa kuma yana da ɓawon da ke tsare ruwan ciki. Jikin salamanda a jiƙe yake, sumul, ƙwansa kuma tsirara ne cikin yauƙi, idan ya bushe ya lalace.

Fatar kwaɗo siririya ce ƙwarai. Matacciyar fatar da ke can sama, wadda a jikinmu take da kauri har ta hana ruwa shiga da fita, a jikinsa ba ta wuce shimfiɗa ɗaya ko biyu na ƙwayoyin halitta ba. Daf da ƙarƙashinta akwai ƙananan hanyoyin jini birjik, waɗanda gashi ma ya fi su kauri. A cikin fatar kuma akwai 'yan jakunkuna iri biyu: wasu suna fitar da yauƙin da ke jiƙa jiki, wasu suna tara guba. Iskar oksijin ba ta ratsa busasshen abu ta shiga jini, sai ta narke a cikin danshi tukuna. Huhunmu ma haka yake aiki, cikinsa kullum a jiƙe yake. Bambancin kawai shi ne mu an ɓoye mana namu a ƙirji, shi kuwa kwaɗo jikinsa gaba ɗaya yana yin wannan aiki a fili.

Ga amsar ɗalibinka ke nan. Idan kwaɗo ya nutse, yana rufe hancinsa, oksijin da ya narke a ruwa ya riƙa shiga ta fata. Abin da ke taimaka masa kuma shi ne jikinsa ba ya ƙona abinci don ɗumama kansa kamar namu, zafin jikinsa yana bin na wurin da yake, saboda haka buƙatarsa ta iska kaɗan ce. Ruwan sanyi ya fi ruwan ɗumi riƙe oksijin, sanyin kuma yana ƙara rage wa kwaɗon buƙata. Shi ya sa a ƙasashe masu tsananin hunturu wasu kwaɗi suke kwanciya a ƙasan tafki watanni, ƙanƙara ta rufe sama, ba su ja numfashi ko sau ɗaya da huhu ba. Sai dai kada ka bar yara su tafi da cewa kwaɗo ba ya mutuwa a ruwa. Ka saka shi a ruwan ɗumi wanda ba ya motsi, ka hana shi leƙo kai, fatar ba za ta wadatar da shi ba, zai mutu kamar kowa.

Wasu sun kai wannan al'amari maƙura. Iyali mafi girma a cikin salamanda, mai nau'i sama da 400, galibinsu a nahiyar Amurka, ba su da huhu kwata-kwata, idan sun girma da fata da rufin cikin baki suke numfashi. Akwai kuma kwaɗon tafkin Titikaka, tsakanin Feru da Bolibiya, a tudun da ya kai kimanin mita 3,800, inda iska ba ta da kauri. Fatarsa ta yi masa yawa, ta yi naɗe-naɗe tana reto kamar yaro ya saka rigar babansa. Wannan rarar fata ita ce ke ƙara masa faɗin wurin shan iska.

Huhun kansa ba wani abin a zo a gani ba ne: jakunkuna biyu masu 'yan rabe-rabe a bango. Sauƙinsa ma ya yi wa kimiyya rana, domin a huhun kwaɗo ne Marcello Malpighi na Italiya ya fara ganin ƙananan hanyoyin jinin nan da ke haɗa jijiyar kai jini da ta dawo da shi, a 1661. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne yadda iska ke shiga. Mu muna faɗaɗa ƙirji da haƙarƙari da tantanin da ya raba ƙirji da ciki, iska ta zuƙo kanta. Kwaɗo ba shi da wannan tantani, mafi yawansu kuma ba su da haƙarƙari. Tura iskar yake yi. Ka sami kwaɗo a zaune ka tsuguna kusa da shi minti biyu. Za ka ga ƙasan haɓarsa yana ɓal-ɓal-ɓal ba tsayawa. Wannan ba numfashin huhu ba ne, sabunta iskar cikin baki yake yi ta hanci. Ka ci gaba da kallo. Can sai ka ga kwiɓinsa ya motsa sau ɗaya, ƙofofin hancin sun tsuke, haɓar ta ɗaga da ƙarfi. A wannan lokacin ne ya danna iskar bakinsa zuwa huhu. Ke nan sai bakinsa na rufe yake iya numfashi da huhu.

Zuciyarsa ɗaki uku ce, biyu a sama masu karɓar jini, ɗaya a ƙasa mai harba shi. Tamu huɗu ce. A nan nake da ja da littattafan makaranta da yawa, waɗanda ke nuna kamar zuciyar kwaɗo aiki ne da ba a ƙarasa ba, wai jini mai iska da marar iska suna cakuɗewa. Wanda ya taɓa buɗe ta a ɗakin gwaji ya san ɗakin ƙasan ba fili ba ne fetal. Cikinsa kamar soso yake, lungu-lungu, jinin da ya shigo daga dama da wanda ya shigo daga hagu kowanne yana maƙalewa a nasa ɓangaren. A bakin babbar jijiyar fita kuma akwai wani murɗaɗɗen tantani da ke raba musu hanya. Cakuɗar kaɗan ce. Kuma rashin bango a tsakiya amfani ne gare shi: idan ya nutse, huhu ya zama ba shi da aiki, sai ya rage jinin da ke zuwa can ya karkatar da shi zuwa fata, domin jijiyar da ke kai jini huhu tana da reshe da ke tafiya fata. Zuciya irin tamu mai ɗaki huɗu ba ta iya wannan, dole duk jinin ya bi ta huhu ko da iska ko babu.

Kowane allazi da nasa amanu. Fatar da iska ke ratsawa, ruwa ma yana ratsa ta, kuma ta kowane ɓangare. Kwaɗo a busasshen wuri yana asarar ruwa kusan kamar jiƙaƙƙen tsumma da aka shanya. Wannan ne ya sa yawancinsu sai da dare suke fitowa, ko bayan ruwan sama. Ta ɗaya ɓangaren kuma, kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. A ƙasan cikinsa, wajen cinyoyi, akwai wani yanki na fata mai yawan jijiyoyi, shi yake dannawa a kan danshi ya tsotsa. Idan ka ga ya baje a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ya yi lamo, ruwa yake sha. Mafitsararsa kuma tulu ce: yana tara fitsari mai ruwa-ruwa a ciki, idan ƙishi ya matsa sai jiki ya janyo ruwan ya mayar cikin jini. Fitsarin da yake tsula wa wanda ya ɗauke shi, guzurinsa ne ya zubar don tsoro. Gishiri kuwa abokin gabarsa ne, domin yana janye ruwa ta fatar, shi ya sa babu amfibiyan da ya mai da teku gida. Wanda ya fi kusa shi ne wani kwaɗo na gaɓar kudu maso gabashin Asiya mai cin ƙaguwa, wanda ke tara sinadarin yuriya, irin wanda ake fitarwa a fitsari, a jininsa don ya jure ruwa mai gishiri-gishiri.

Duk da haka sun shiga wuraren da ba ka zato. Babban kwaɗon nan na kudanci da gabashin Afirka, idan fari ya zo, yana binne kansa, ya riƙa saɓa ba ya yar da tsohuwar fatar, har ta taru ta zama kwanso a jikinsa, hanci kaɗai a buɗe, ya jira damina. A Ostireliya ma akwai mai yin haka da mafitsara cike da ruwa. A Kudancin Amurka wani kwaɗon bishiya yana fitar da wani abu kamar kakin zuma, ya bi jikinsa da ƙafafu yana shafawa lungu da saƙo. Na Alaska da Kanada kuwa daskarewa yake yi. Da ƙanƙara ta fara kama fatarsa, hantarsa sai ta kwararo sukari cikin jini, sukarin ya kare ƙwayoyin halitta daga fashewa. Fiye da rabin ruwan jikinsa ya zama ƙanƙara, zuciya ta tsaya, numfashi ya tsaya. Idan sanyi ya wuce ya narke, zuciyar ta ci gaba da bugawa.

Dabba mai laushi haka, ba ƙaho ba farce, da me za ta kare kanta? Da fatar dai. Kwaɗon tudu mai kaushin baya yana da kumburi biyu a bayan idanunsa, cike da farin ruwa mai guba. Ba ya sara, ba ya harbi, sai an matse shi ko an cije shi gubar ke fita, shi ya sa karen da ya cafke shi yake sakinsa yana kumfar baki. Ƙurajen bayansa kuma ba ciwo ba ne, ba a ɗaukarsu. Mafi guba a cikinsu ɗan ƙaramin kwaɗo ne ruwan ɗorawa na dazukan Kolombiya, wanda tsawonsa kimanin santimita 5 ne. Gubar ba shi ke haɗa ta ba, daga ƙwarin da yake ci yake tara ta, waɗanda aka ƙyanƙyashe a keji aka ciyar da wani abinci ba su da ita. A 1935 an kai wani babban kwaɗo mai guba Ostireliya don ya cinye ƙwarin rake. Ƙwarin bai gama da su ba, sai ya yaɗu, macizai da manyan ƙadangaru da sauran namun da ba su san shi ba suka riƙa cinsa suna mutuwa, har yau ana fama. Ba duk abin da fatar ke fitarwa ne na kisa ba: jiƙaƙƙen jiki wurin zaman ƙwayoyin cuta ne, don haka tana fitar da magungunan kashe su. A 1987 Michael Zasloff ya gano irin waɗannan a fatar wani kwaɗon ruwa na Afirka, bayan ya lura cewa waɗanda aka yi wa tiyata aka mayar cikin ruwa mai datti suna warkewa ba tare da miki ya ruɓe ba.

Ƙasusuwan kwaɗo an gina su ne don tsalle. Mutum yana da gaɓoɓin ƙashin baya 24 kafin ƙugu, kwaɗo tsakanin 5 da 9 ne, gajeren baya mai tauri wanda ba ya lanƙwashewa idan ƙafafu suka tunkuɗa. Ƙasusuwan wutsiya sun haɗe sun zama sanda ɗaya a tsakanin dogayen ƙasusuwan ƙugu. Ƙasusuwa biyu na ƙwauri sun manne sun zama ɗaya, na hannu ma haka. Biyu daga ƙasusuwan idon sawu kuma sun yi tsawo har sun zama kamar ƙarin gaɓa, shi ya sa ƙafar bayansa take naɗewa sau uku idan ya zauna. Yatsu huɗu a gaba, biyar a baya. Harshensa a gaban baki yake a kafe, ba a maƙogwaro ba, yana wurgo shi waje ya manne ƙwaro ya dawo kafin ƙiftawar ido. Haƙoran da wasu ke da su a muƙamuƙin sama ne, na riƙo ne ba na tauna ba, kwaɗon tudu ma ba shi da ko ɗaya. Ka lura da shi yana haɗiya: yana runtse idanu, ƙwayar idon ta nutse ciki. Babu ƙashi tsakanin idon da rufin baki, don haka idanun suna danna abincin su taimaka wajen tura shi ciki. Da'irar da ke bayan idon kuma dodon kunnensa ne, a waje yake.

Sai maganar talibambam, wadda ita ce ta ba su sunan masu rayuwa biyu. Namiji yana rungumar mace ta baya, ta saki ƙwai a ruwa, shi kuma ya zuba maniyyi a kai, haɗuwar a waje take faruwa. Abin da ke fitowa daga ƙwan, a tsarin jiki, ya fi kusa da kifi. Yana da mashaƙa irin jajayen zaren nan na gefen kan kifi, zuciyarsa ɗaki biyu ce, yana da layin jin motsin ruwa a gefen jiki, yana kankare gansakuka da ɗan ƙaramin baki. Ka juya shi ka duba cikinsa a haske, za ka hango hanjin ta cikin fata, dogo, a naɗe kamar gammo, domin ganye yana buƙatar doguwar hanya kafin ya narke.

Daga nan sai a rushe wannan jiki a gina wani, dabbar tana raye tana iyo. Ƙafafun baya su ne ke fara tsirowa a gindin wutsiya. Na gaba suna girma a ɓoye ƙarƙashin fatar da ta rufe mashaƙa, rana ɗaya sai su ɓullo a shirye. Huhu ya karɓi aiki, mashaƙa ta shanye. Baki ya tsage ya yi faɗi, harshe ya fito, idanu su turo sama. Hanji ya gajarce ƙwarai, saboda mai cin ganye zai koma cin ƙwari. Hanta ta sauya irin dattin da take haɗawa: a da amoniya ce, wadda sai da ruwa mai yawa ake wanke ta, yanzu yuriya ce da za a iya tarawa a mafitsara. Har jan sinadarin da ke ɗaukar iska a jini sai an canja shi da wani. Wutsiyar kuma ba guntulewa take yi ba, kamar yadda yara da yawa ke zato. Ƙwayoyin halittarta ne ke mutuwa bi da bi, jiki ya tsotse su. A kwanakin da bakin da hanjin ke canjawa ba ya iya cin komai, da wutsiyarsa da kitsen da ya tara yake rayuwa.

Duk wannan aiki abu ɗaya ne ke ba da umarninsa: sinadarin da ke fitowa daga tayirod, wato abin nan na wuya wanda idan ya kumbura a jikin mutum ake cewa maƙoƙo. A 1912 Friedrich Gudernatsch ya ciyar da talibambam da sassa daban-daban na jikin doki. Waɗanda suka ci tayirod suka rikiɗe tun lokaci bai yi ba, suka zama 'yan mitsi-mitsin kwaɗi. Bayan 'yan shekaru aka gwada akasin haka, aka cire wa wasu nasu tayirod ɗin, suka yi ta girma a talibambam ba su taɓa zama kwaɗi ba. Abin da ke ba ni mamaki har yanzu shi ne sinadari ɗaya ne ke zagaya jikin, amma ya isa ƙafa ta tsiro, ya isa wutsiya ta mutu. Aksolotil, salamandan tafkin Sochimilko na birnin Meksiko, shi ba ya rikiɗa: yana balaga ya haihu da mashaƙarsa a waje kamar gashin tsuntsu a gefen kai. Idan aka ba shi sinadarin sai ya rikiɗe ya fito tudu. Shi ne kuma wanda idan ƙafarsa ta yanke, wata take tsirowa da ƙashi da tsoka da jijiya.

Ba kowa ke bin ta ruwa ba. Kwaɗon Surinam ƙwan yana nutsewa cikin fatar bayan uwa, 'ya'yan su fito daga ramuka. Wani a Chile uban ne ke renon talibambam a cikin jakar kukansa. Na dutsen Nimba, a iyakar Gini da Laberiya da Kwaddibuwa, haihuwa yake yi bayan goyon ciki na kimanin wata tara. Wani sisiliyan na Kenya uwar ce fatarta ke yin kauri da maiƙo, 'ya'yan su riƙa ɓantara suna ci. A girma kuwa akwai tazara mai yawa, daga wani kwaɗon Papuwa Niyu Gini da bai kai milimita 8 ba, zuwa kwaɗon Goliyat na Kamaru da Ikwatoriyal Gini mai wuce kilo 3, zuwa salamandan ƙasar Sin da zai iya kai mita 1.8.

Fatar nan dai ita ce ke jawo musu halaka a yau. Ƙididdigar da aka fitar a 2023 ta nuna kashi 41 cikin 100 na nau'o'insu suna fuskantar barazanar ƙarewa, fiye da tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa. Sare dazuka da cike fadamu su ne kan gaba, maganin feshi kuma yana shiga jikinsu kai tsaye. Sannan akwai wata cuta da aka gano a 1998, wani fangas ne dangin funfuna da ke zama a saman fatar. A jikin mutum da irin wannan bai wuce ƙaiƙayi ba. A jikin kwaɗo yana sa fatar ta yi kauri ta kasa shigar da sodiyam da fotasiyam, gishirin jini ya ragu, zuciya ta tsaya. Ya shafe nau'o'i da dama a Amurka ta Tsakiya da Ostireliya.

Don haka idan za ka kai kwaɗo aji, Malam, kuma ina ba ka shawarar ka kai, ka wanke hannu da ruwa zalla ka bar shi a jiƙe, ba sabulu ba man shafawa. Ka saka shi a kwalba mai faɗi da jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa, murfin da huji. Ka ce wa yaran su ƙirga motsin haɓa a minti ɗaya, sannan su ƙirga motsin kwiɓi, su faɗa maka dalilin da ya sa lissafin bai zo ɗaya ba. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu kafin ya kai ido ko baki. Idan an tashi, a mayar da shi daidai inda aka ɗauko shi, kada a sake shi a wani ruwan daban, domin ta haka cutar take tsallakawa daga kududdufi zuwa kududdufi.